Motar da Ba Ta Tari Sai a Hannun Malama

Wata uku ke nan motar Malama tana tari, kuma ba tarin gaskiya ba, tarin munafunci. Tana cikin tafiya lafiya lau sai ta shaƙe, ta yi fizga biyu ko uku, ƙarfinta ya zube kamar an zare mata laka. Kafin Malama ta gama salati ta farfaɗo, ta ci gaba da tafiya kamar ba ita ba. Wata rana sau biyar za ta yi haka tsakanin gida da makaranta. Wata rana sau ɗaya. Wata rana kuma ko uffan ba za ta ce ba, don dai ta sa mutum ya saki jiki.

Malama ita ce shugabar wata 'yar makarantar yara ƙanana, aji shida da ofis da ɗakin ajiya. Shekararta sittin da uku a duniya, ashirin da bakwai a bayan sitiyari, kuma sha tara daga ciki a wannan shuɗiyar motar ta yi su. Ko kaza ba ta taɓa takewa ba. Ita ke kai kanta aiki, ita ke yo cefane, ita ke kai maigidanta asibitin ido duk wata. Shi maigidan bai taɓa koyon tuƙi ba, bai kuma taɓa fasa koya mata ba. Yana zaune a gefe da tabarau mai kauri zai ce, "A hankali, ga kwana," alhali an wuce kwanar tuni.

Sau huɗu ta kai motar gareji wajen Malam Sannu-Sannu. Sunan ya bi shi ne don ba ya gaggawa a komai. Kafin ya taɓa mota sai ya goge hannu, ya zagaya ta, ya tsaya ya karkata kai yana sauraron injin kamar ana ba shi labari. In ka ce masa sauri kake, cikin ladabi zai nuna maka garejin da ke gaba. Amma shi ya san cikin motar nan tun tana da ƙuruciyarta. Zuwan farko ya canja fulogi. Na biyu ya canja matatar mai ya hure bututu. Na uku ya sauke kafireta ya wanke ta tas. Na huɗu kuwa tankin ya sauke ɗungurungum, ya ɗauraye, ya gwada famfon mai, ya mayar da komai mazauninsa. Kowane zuwa sai ya fita da ita gwaji, ya yi zagaye mai nisa, ya dawo ya ce, "Malama, ni dai a hannuna ko atishawa ba ta yi ba." Ita kuwa motar, tir da halinta, sai ta bari an kama hanyar gida sannan ta fara.

Nan ne Lauya ya shigo maganar. Lauya babban ɗanta ne, kuma ba lauya ba ne, magani yake sayarwa a kanti. Tun yana ɗan shekara huɗu ya ci sunan, saboda ba a taɓa yin magana da shi ta ƙare a bakin wani ba. Da makaranta ta yi hutun mako guda, ya zo ya ɗauki makulli na biyu da ke rataye a ƙusa bayan ƙofa, ya tafi da motar. Ranar da ya dawo da ita ya zauna a falo, aka zuba masa shayi, ya yi ta juya cokali a ciki har ya huce.

"Mama, kwana bakwai ina tuƙa motar nan," ya ce. "Na hau gada, na bi gargada, na shiga cunkoso da rana tsaka. Lafiyarta ƙalau."

"To ƙarya nake yi ke nan."

"Ni ban ce ba. Bakanike ya tuƙa, lafiya. Na tuƙa, lafiya. Ke kaɗai take yi wa." Ya ajiye cokalin. "Mama, ko dai ƙafarki ce take zamewa daga totur ba ki sani ba?"

Maigidan ya rage muryar rediyo ya ce, "Ni ma fa na ɗan lura da..."

"Kai da taka ƙafar ma ba ka gani sai an nuna maka?" in ji Malama. Maigidan ya mayar da muryar rediyonsa yadda take.

Lauya bai yi dariya ba. "Ranar Asabar mai zuwa zan zo in karɓi makullin. Da safe in biyo in kai ki makaranta, in an tashi a samo mai ɗauko ki. Baba kuma ni zan riƙa kai shi asibiti. Kin yi tuƙin nan, Mama, ya isa haka. Ki huta."

Malama ta wanke shi tas. Ta tuna masa wadda ta koya masa riƙe cokali, balle sitiyari. Ta tuna masa ranar da ya shigar da motar nan cikin katangar maƙwabta yana koyon baya-baya. Ya zauna ya sha faɗan, ya yi sallama ya tafi, amma bai janye maganar Asabar ba.

Da ya tafi kuwa maganar ba ta tafi ba. Gaskiyar ita ce tsoro ya kama Malama. Mahaifiyarta da rawar hannu ta fara, tana kusan waɗannan shekaru, kuma duk gidan an gani kafin ita ta gani. Sai Malama ta shiga gwada kanta a ɓoye. A ofis ta miƙe ƙafar dama ƙarƙashin tebur ta zuba mata ido. Ta cika kofi fal da ruwa ta riƙe da hannu ɗaya tana jiran ya zube. Bai zube ba, amma hakan bai kwantar mata da hankali ba, don ita ma motar ai ba ta yi in ana kallonta. Kuma ba ƙarfen motar ne ke ci mata rai ba. Matar da ta saba ɗaukar jaka ta fice lokacin da ta ga dama ce za ta koma zaman bakin ƙofa tana jiran ɗanta, ko gishiri ya ƙare sai ta nemi alfarma. Wannan ne ba ta iya haɗiyewa.

Ranar Laraba da aka tashi yara, ta wuce gareji karo na biyar. Ta sami Malam Sannu-Sannu zaune a kan tsohuwar taya yana wanke wasu notuna a cikin gwangwani, ɗaya bayan ɗaya. Ta kashe mota, ta zare makullanta, ta tsaya tana fama da zoben ƙarfe da farce don ta ciro na motar. Haka take yi kullum, don makullan Malama ba sa wuni a hannun kowa. A zobe ɗaya take tara su kaf: na aji shida, na ofis, na ɗakin ajiya, na kabad uku, na gida ciki da waje, na kwadon tankin ruwa, ga abin yanke farce, ga 'yar tocila. Da maigadin makaranta ya yi ritaya kwanakin baya, manyan makullan ƙofar waje guda biyu ma nan suka sami masauki. Tun daga nesa malamai ke jin tahowarta su gyara tsayuwa. Ta ciro na motar ta miƙa masa, ta jefa sauran cikin jaka.

"Malam, yau magana ɗaya ta kawo ni," ta ce. "In motar ce, ka faɗa mini. In kuma ni ce, ka faɗa mini, kada ka ji kunyata. Ranar Asabar ɗana zai raba ni da ita. Ya ce ƙafata ce."

Bakaniken ya goge hannu, ya dubi motar, ya dubi Malama, ya sake goge hannun da ba abin da ya taɓa.

"Sau huɗu ina kuskure iri ɗaya," ya ce. "Ina duba ta ba kya ciki. Karɓi makullinki. Yau ke za ki tuƙa, ni fasinja ne."

Ya shimfiɗa tsohuwar jarida a kujera don kada ya ɓata mata, ya zauna, suka fita. Tun kafin su hau titi ya fara tambaya.

"Da safe take yi, injin da sanyi, ko sai ya yi zafi?"

"Duka."

"Tanki a cike, ko in mai ya yi ƙasa?"

"Ba ruwanta. Ranar da na cika shi ma ta yi."

"In an yi ruwa fa?"

"Rabon da a yi ruwa tun yaushe, Malam?"

"Haka ne. To ki natsu ki tuna mini wannan. In mai ne ya yanke wa mota, a hankali take mutuwa, kamar mai gyangyaɗi, kina taka totur tana ja da ƙyar. In wuta ce, farat ɗaya take ɗaukewa. Wanne take yi?"

Malama ta yi tunani. "Farat ɗaya. Sannan ta dawo farat ɗaya."

"Ash! To wuta ce. Da na yi wannan tambayar tun farko da ban wahalar da tankinki ba. A ina ta fi yi?"

"Layin bayan kasuwa, mai ramukan nan. Sai tudun rage gudu na gaban asibiti. Sai hawan gada, inda kwalta ta tsage."

"Wato duk inda ake jijjiga. Akwai abin da ya saki. Kai mu can."

Ta kai su. Layin bayan kasuwa siriri ne, shagunan masu walda a hannun dama, katangar wani sito a hagu, ramuka kuwa sun fi kwaltar yawa. Malama da ta saba kauce musu, yau bin su take ɗaya-ɗaya kamar mai kiran suna a aji. Motar ta yi tsalle, ta yi ƙara, kan bakanike ya bugi rufi sau biyu. Injin kuwa yana ta kiɗansa lafiya lau. Suka je gaban asibiti suka hau tudun, suka juyo suka sake hawa. Suka hau gada suka sauko. Kusan sa'a guda suna yawo, motar nan ko shaƙuwa ba ta yi ba.

"Kin ji kunya wallahi," Malama ta ce wa motar tana dukan sitiyari. "Shekara sha tara ina wanke ki, yau kike nema ki mai da ni maƙaryaciya a gaban mutane."

"Ƙafarki dai na kalla tun da muka fito," in ji Malam Sannu-Sannu. "Ta fi tawa tsayuwa."

"Ai ba ta yi tarin ba balle ka ga abin da ƙafar ke yi a lokacin."

Bai musa ba, don gaskiya ta faɗa. Suka koma gareji. Ya buɗe bonet injin yana aiki, ya bi wayoyi yana girgiza su ɗaya bayan ɗaya, ya matsa kan batir, ya ƙwanƙwasa nan, ya ja can. Ya kwanta a kan kwali ya leƙa ƙasa. Da ya miƙe sai ya kaɗe riga, ya faɗi abin da bakanike ba ya son faɗa.

"Malama, ban gano ba. Ki bar mini ita zuwa jibi."

"A'a. Kwana biyu suka rage mini da ita, a hannuna za ta yi su."

Ta kashe mota, ta ciro damin makullanta daga jaka, ta mayar da na motar cikin 'yan uwansa. Ko sallamar kirki ba ta yi masa ba. Ta tayar, ta sa giya, ta nufi ƙofa. A bakin garejin akwai kwata da aka rufe da wani tsagaggen siminti. Tayar gaba na hawa kansa, motar ta shaƙe, ta fizga sau biyu, ta kusa mutuwa.

Masu shaguna a layin nan har yau suna ba da labari, don ranar ce suka fara ganin Malam Sannu-Sannu da gudu. Takalminsa ɗaya a baya ya bar shi.

"Kada ki kashe! Kada ki taɓa komai!" Ya buɗe ƙofa ya faɗo ciki, ko jaridar bai gyara ba. "Me ya canja tsakanin ɗazu da yanzu?"

"Ba komai. Kai ne dai ka fita."

"To ga ni na dawo. Mu koma bayan kasuwa."

Rami na biyu motar ta yi tarinta. Malama ba ta taɓa jin daɗin wannan tarin ba sai ranar. "Ka ji ko? Ka ji ta?"

"Na ji. Ci gaba."

Ba titi yake kallo ba. Ya sunkuya, idonsa a kan ƙafarta. Suka faɗa wani ramin, motar ta sake ɗaukewa, ƙafar Malama kuwa tana nan daram a kan totur, ko motsi ba ta yi ba. Ya ɗago ya zuba wa allurorin gaban direba ido. A rami na gaba ya ga dukansu sun yi ƙasa tare sun dawo tare. Wato ba fulogi kaɗai ke rasa wuta ba, motar gaba ɗaya ake kashewa a kunna cikin ƙiftawar ido. Yana cikin wannan tunani sai kunnensa ya kama wani sauti da babu shi a tafiyar ɗazu: caras, caras, caras. Ya bi sautin da ido. Ga damin makullan Malama yana lilo a ƙarƙashin sitiyari, yana dukan gwiwarta yana komawa.

Ya miƙa hannu ya tallabo makullan a tafinsa, ya ɗauke musu nauyi.

"Juya ki sake bin layin. Kada ki bar rami ko ɗaya."

Suka bi layin tun daga farko har ƙarshe, hannunsa a ƙarƙashin makullan, injin bai ce komai ba. Ya saki. Rami na uku motar ta shaƙe. Ya tallabe, ta warke. Ya saki, ta shaƙe. Wani bakaniken da nan ya tsaya, amma wannan Sannu-Sannu ne, sai da suka yi zuwa uku da dawowa uku, har masu walda suka ajiye aiki suna kallon shuɗiyar motar da ke ta safa da marwa a layinsu. Daga nan ya ce ta tsaya a gindin wata bishiya, ta bar injin yana aiki. Ya sa yatsa ɗaya ya ja damin ƙasa kaɗan. Injin ya mutu murus.

"Ga mai laifin," ya ce. Ya zare makullan ya auna su a hannu. "Malama, wannan ai ya kusa rabin bulo. Cikin gidan makullin nan akwai 'yan ƙarafa da ke haɗa wuta in kin murɗa. Shekara da shekaru kina rataya musu kaya, sun suɗe. Yanzu in aka faɗa rami, nauyin ya yi lilo ya ja makullin baya kaɗan, wuta ta ɗauke, ya dawo, wuta ta dawo. Yaushe kika ƙara waɗannan manyan biyun?"

"Da maigadi ya tafi." Ta ƙirga watanni a ranta. "Wata uku."

"To kin gani. Ni kuwa kullum makulli ɗaya tilo kike ba ni, sauran ki tafi da su a jaka. Ɗanki fa, da wanne ya tuƙa?"

"Na bayan ƙofa. Shi kaɗai ne a igiyarsa."

"Shi ke nan. Duk wanda zai duba ta, sai kin cire mata ciwon kafin ki miƙa masa."

Malama ta kalli makullan, ta kalli ƙafarta. A hankali ta ce, "Wato ba ni ba ce."

"Ke ce mana. Amma ba ƙafarki ba."

Dariya ta ƙwace mata. Ta yi ta yi har ta kifa kai a sitiyari, har hawaye suka zubo, daga nan kuma hawayen suka ci gaba da zuba bayan dariyar ta tsaya. Tsoron da ta ƙunsa ita kaɗai tun ranar da Lauya ya yi maganar ne yake fita. Malam Sannu-Sannu mutum ne mai kunya, sai ya juya ya ƙura wa katangar sito ido kamar akwai abin karantawa a jikinta.

Da ta share fuska ya ce gobe zai samo sabon gidan makulli, aikin sa'a biyu ne.

"Kada ka taɓa ta sai Asabar," in ji Malama.

"Haba Malama. Motar da ke ɗauke wuta a titi ba abin wasa ba ce."

"Da makulli ɗaya zan tuƙa har ranar. Amma akwai wanda nake so ya ji tarin nan a hannunsa."

Bakaniken ya yi murmushi cikin gemu. "To a wannan layin kaɗai, kuma a giya ta biyu. Daga nan ku wuto wajena kai tsaye."

Kwana biyu Malama tana tuƙi da makulli ɗaya, motar tana tafiya sumul, ita kuma tana shirya maganar da za ta yi wa Lauya. Ta tsara ta tsaf. Za ta bari motar ta shaƙe a hannunsa, sannan ta juyo a natse ta tambaye shi shekararsa nawa yanzu, ko ya fara jin jiri in ya miƙe, ko dai a samo masa mai kai shi kanti ya huta haka nan. Ta gwada a gaban madubi, ta rage nan ta ƙara can. Ranar Juma'a wata malama ta same ta a ofis tana murmushi ita kaɗai, ta fita da baya ba ta faɗi abin da ya kawo ta ba.

Asabar da hantsi Lauya ya zo. Ya gaishe su a tsaye, fuskarsa ba walwala, da gani ya shirya wa rigima. Malama ta miƙa masa damin makullan gaba ɗaya.

"Ga shi. Zoben ya yi tauri, jiya ma ya karya mini farce. Kai mu gareji Malam ya ciro maka da filaya."

Ya tsaya yana kallonta, don bai zaci abin zai zo da sauƙi haka ba. Maigidan kuwa tuni ya sa hula ya shige kujerar baya, shi da ba a fita da mota a bar shi. Malama ta zauna a gaba, jaka a cinya, ta ce a bi ta bayan kasuwa, kuma a hankali, bayanta yana ciwo.

Ramin farko, shiru. Na biyu, shiru. Malama ta ce a ranta in munafukar nan ta sake yi mata irin ta ranar Laraba, da kanta za ta kai ta wajen masu gwangwan. A rami na uku motar ta shaƙe, ta yi fizgar da ta tura hular maigidan kan tabarau.

"Kai, yaro, a hankali mana!" ya ce daga baya.

"Ban yi komai ba, Baba." Lauya ya dubi ƙafarsa, ya dubi allurori. Motar ta sake ɗaukewa. "Me ke faruwa ne? Wallahi ban ɗaga ƙafa ba."

Malama ta miƙa hannu ta tallabo makullan. "Ci gaba."

Suka wuce ramuka biyar lafiya. Ta saki, motar ta shaƙe. Ta tallabe, ta warke. Lauya ya gangara gefen katanga ya tsaya, ya kashe injin. Cikin 'yan kalmomi ta yi masa bayanin da bakanike ya yi mata: nauyin makullai, suɗaɗɗun ƙarafa, da makulli ɗaya tilo da shi ya tuƙa da shi mako guda. Sannan ta gyara zama, ta juyo a natse kamar yadda ta gwada a madubi, ta buɗe baki.

Sai ta ga ya kifa goshi a kan sitiyari, kafaɗunsa suna motsi. Ta ɗauka dariya yake. Da ya ɗago, idanunsa sun yi ja.

"Makullai," ya ce. "Makullai ne kawai." Ya sa hannu a aljihun riga ya ciro wata takarda da ta sha ninki, ya miƙa mata. Takardar ganin likitan jijiyoyi ce, da sunanta a kai, ranar Litinin ƙarfe goma. "Na rasa ta inda zan fara faɗa miki, Mama. Wata guda ke nan duk zuwan da na yi hannunki nake kallo in kina zuba shayi. Ina ɗan shekara sha biyu ni nake ba Kaka abinci a baki, kin manta? Na ce a raina abin ne ya dawo. Na ce gara ki yi fushi da ni da a kira ni a ce kin faɗa ƙarƙashin babbar mota."

Maganar da Malama ta kwana biyu tana wasawa ta bi iska, ko kalma ɗaya ba ta iya tunawa ba. Ita tana can tana riƙe kofi a ofis tana ɓoye masa tsoronta, ashe shi ma yana nan yana ɓoye mata nasa, kuma tsoron guda ne. Tausayinsa ya kama ta. Ta dubi wannan ƙaton mutum mai furfura biyu-uku a gemu, ta sa gefen gyalenta ta goge masa fuska, bai hana ta ba.

"Wai me aka yi ne?" in ji maigidan. "Mun iso?"

"Ba mu iso ba," ta ce. Ta sake karanta takardar, ta ninke ta, ta sa a jaka. Sannan ta zare damin daga gidan makulli, ta sa farce ta ciro na motar cikin sauƙi, zoben da aka ce ya yi tauri. Sauran ta ɗora wa Lauya a cinya.

"Riƙe mini waɗannan. Litinin ɗin zan je, a duba ni, ba laifi. In kana so ma ka raka ni." Ta ɗaga makullin tilo. "Amma ni zan tuƙa."

Lauya ya buɗe baki, ya rufe. Ya fito rungume da makullan, ya riƙe mata ƙofar direba har ta zagayo ta zauna.